Gundumar Turkana a Kenya: yadda aka yanka ta, da wanda ke riƙe da me

Malam Habibu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun da kotun ƙolin Najeriya ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ake ta kawo Kenya a matsayin misali a nan, amma a dunƙule. Gara mu ɗauki gunduma guda ta karkara mu bi ta gaɓa-gaɓa. Na zaɓi Turkana saboda ƙasar makiyaya ce, kuma duk inda tsarin yake da rauni a irin wannan wuri yake fara bayyana.

Ga shimfiɗa. Tsarin mulkin 2010 ne ya raba Kenya gunduma 47, suka fara aiki bayan zaɓen 4 ga Maris 2013. Turkana tana arewa maso yamma, ta yi iyaka da Uganda da Sudan ta Kudu da Habasha, hedikwatarta Lodwar. Faɗinta wajen murabba'in kilomita 68,000, wato ta ninka jihar Kano sau uku da ɗoriya, amma mutum 926,976 ƙidayar 2019 ta samu a cikinta. An yanka ta manyan mazaɓu shida, kowace da ɗan majalisar ƙasa guda, a ƙarƙashinsu kuma ƙananan mazaɓu 30: Turkana ta Yamma tana da 7, ta Arewa 6, ta Tsakiya 5, ta Kudu 5, Loima 4, ta Gabas 3. Kowace ƙaramar mazaɓa tana tura mutum ɗaya majalisar gunduma. Gwamnan farko Josphat Nanok ne, ya yi wa'adinsa biyu daga 2013 zuwa 2022, Jeremiah Lomorukai ya gaje shi.

Tambayata: makiyayin da ke wajen garin Lokori a Turkana ta Gabas, famfon da yake shayar da dabbobi ya lalace, ko an kore masa raƙuma da dare, ƙofar wa zai buga?

Barista Nura:
Wa alaikumus salam, Malam. Ya danganta da abin da ya same shi, domin gwamnati biyu ce zaune a kan ƙasa ɗaya, kowace da jerin ma'aikatanta tun daga Lodwar har ƙauye.

Jerin gunduma yana farawa da gwamna da mataimakinsa, tikiti ɗaya ake zaɓensu. Gwamna ya naɗa 'yan kwamitin zartarwa, majalisa ta tantance su. Ba za su wuce goma ba a gundumar da majalisarta ta kai mutum 30. Kowace ma'aikata tana da babban jami'i, shi ke sa hannu a kan kuɗi, kuma shi odita ke tuhuma idan lissafi bai fita ba. Daga nan sai kantoman ƙaramar gunduma, sai kantoman ƙaramar mazaɓa, sai kantoman ƙauye. Duk ukun nan ba zaɓensu ake yi ba, hukumar ɗaukar ma'aikatan gunduma ce ke tallata gurbi ta yi musu intabiyu. Dokar gwamnatocin gundumomi ta 2012 ta ce kantoman ƙauye ya zauna da majalisar dattawa, ba ƙasa da uku ba, ba fiye da biyar ba, da amincewar majalisar gunduma.

Jerin gwamnatin ƙasa kuwa yana ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida: kwamishinan gunduma a Lodwar, mataimakansa a ƙananan gundumomi, ƙananan mataimaka a ƙasa da su, sai cif, sai mataimakin cif. Cif a Kenya ma'aikacin gwamnati ne mai albashi da kaki, ba ya gadon kujera. Wannan shi ne tsohon tsarin mulkin larduna da aka gada daga Turawa. Tsarin mulkin 2010 ya ce a yi masa kwaskwarima cikin shekara biyar, sai aka yi doka a 2013 da ta sake wa muƙaman suna ta bar su a tsaye.

To famfo, da ɗakin shan magani, da allurar rigakafin dabbobi, da makarantar share fagen firamare, da kasuwa, na gunduma ne. Satar dabbobi, da 'yan sanda, da katin ɗan ƙasa, da malaman firamare da sakandare, na gwamnatin ƙasa ne. Mutuminka zai kai kukan famfo wurin kantoma, na raƙuma wurin cif.

Usman Ɗanladi:
Barista, iyakokin jerin biyu ɗaya ne? Wato inda ikon kantoma ya tsaya nan na mataimakin kwamishina ya tsaya?

Barista Nura:
Ko kusa, ɗan'uwa. Ɗauki Kibish, can ƙuryar arewa. A wajen zaɓe ƙaramar mazaɓa ce a cikin Turkana ta Arewa. A takardun ƙidayar 2019 kuwa ƙaramar gunduma ce mai zaman kanta, shi ya sa za ka ga an lissafa bakwai maimakon shida. Dalili shi ne ministan cikin gida yana iya ƙirƙiro sabon yankin mulki da sanarwa a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, amma manyan mazaɓu tsarin mulki ya ƙayyade su 290 a duk ƙasar, ba a ƙara ko ɗaya sai an gyara shi. Saboda haka taswirar gwamnatin ƙasa tana ta ƙara tsagewa, ta zaɓe tana nan yadda aka zana ta a 2012.

Ita ma ta zaɓen ya kamata a ce an sake duba ta. Doka ta ce duk bayan shekara 8 zuwa 12, wa'adin ya cika a Maris 2024, lokacin hukumar zaɓe ba ta da kwamishinoni, bai yiwu ba. Wajen zana mazaɓa an yarda wuri mai ƙarancin jama'a ya gaza matsakaicin adadi da kashi 40 cikin ɗari, amma ko da wannan sassauci, raba 68,000 gida 30 ka gani: matsakaiciyar ƙaramar mazaɓa a Turkana ta haura murabba'in kilomita 2,000. Ɗan majalisa ɗaya, kantoma ɗaya.

Hajiya Rakiya:
Bari in shigo da maganar kuɗi, don ita ce ta jawo muhawarar tun asali. Shekarar kuɗi a Kenya tana farawa 1 ga Yuli, ta ƙare 30 ga Yuni.

Tsarin mulki ya ce kason gundumomi kada ya gaza kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, amma a lura da sharaɗin: na shekarar ƙarshe da aka yi wa odit kuma majalisa ta amince. Majalisa takan yi jinkirin amincewa, sai a riƙa auna kason da lissafin shekarun baya, lokacin da kuɗin shiga bai kai na yanzu ba. Duk shekara ana yin doka biyu. Ta farko ta raba tsakanin gwamnatin ƙasa da gundumomi gaba ɗaya, ta biyu ta raba tsakanin 47 ɗin. A 2013/14 shilin biliyan 190 aka ba su, a 2021/22 biliyan 370, Turkana ta samu wajen biliyan 12.6 a ciki, tana cikin na gaba-gaba bayan Nairobi.

Me ya sa gundumar da ba ta kai mutum miliyan ɗaya ba take samun haka? Ma'aunin rabo. Wanda majalisar dattawa ta amince da shi a 2020, bayan watanni ana kai ruwa rana, ya ba rabon daidai-wa-daida kashi 20, yawan jama'a 18, lafiya 17, talauci 14, noma 10, faɗin ƙasa 8, hanyoyi 8, birane 5. Talauci da faɗin ƙasa da rabon daidai su ke ɗaga Turkana. Duk lokacin da aka zo sabunta ma'aunin, gundumomi masu cunkoso suna neman a ƙara wa yawan jama'a nauyi, na makiyaya suna kare faɗin ƙasa.

Hanyar da kuɗin ke bi: baitulmalin ƙasa ya zuba a asusun gundumar da ke babban banki, doka ta ce kafin 15 ga kowane wata. Gwamna ba ya iya taɓa ko sisi a wannan asusu sai ma'ajin gunduma ya rubuta buƙata da takardun shaida zuwa ofishin mai kula da kasafi, wanda ofishi ne mai zaman kansa a Nairobi. In ya sa hannu, kuɗin su koma asusun ayyukan yau da kullum ko na ayyukan raya ƙasa, daga nan a biya ta na'urar biyan kuɗi ta gwamnati. Babu wata gwamnati a tsakani da kuɗin ke ratsawa ta hannunta. Wannan shi ne abin da masu yabon Kenya ke nufi, kuma gaskiyarsu ne.

Inda ake samun cikas shi ne baitulmalin ƙasa yakan yi wata biyu, wani lokaci uku, bai zuba ba. Abin da Turkana ke tarawa da kanta, harajin kasuwar dabbobi da lasisin shaguna da makamantansu, a yawancin shekaru bai kai kashi 5 cikin ɗari na kasafinta ba, don haka in Nairobi ta yi jinkiri babu abin toshe giɓi. Albashi ya makara, ɗan kwangila ya janye ma'aikatansa. Kason watan Yuni kuma sau da yawa sai a ƙarshen wata ko cikin Yuli yake isowa, an riga an rufe littafi, aikin da aka yi ya koma bashin da ake bin gunduma.

Usman Ɗanladi:
Hajiya, tunda sai wani ofishi ya sa hannu, ke nan an toshe hanyar ci?

Hajiya Rakiya:
An rage wata, an bar wata. Mai kula da kasafi takarda yake dubawa: shin abin yana cikin kasafin da majalisa ta zartar, shin akwai kuɗin a asusu. Ba ya zuwa ƙauye irin Kaikor ya ga ko an kafa tankin ruwan da aka biya kuɗinsa. Wata dabara da rahotannin ofishin suka sha kokawa da ita a gundumomi daban-daban ita ce a nemi kuɗi da sunan biyan waɗannan 'yan kwangila, in sun fito a biya wasu. Babban odita kuwa bayan shekara ta ƙare yake zuwa, yana da wata shida ya miƙa rahoto, kafin kwamitin majalisar dattawa ya kira gwamna a zauna a kai an shiga wata shekarar. Gwamnatin ƙasa tana da ikon tsayar da kuɗin gundumar da ta yi ta'asa, amma ba fiye da rabi ba, kuma ba fiye da kwana 60 ba sai majalisa ta sabunta.

Injiniya Bashir:
Malam Habibu ya fara da famfo, bari in tsaya a kansa, don a nan ake ganin abin da waɗannan jerin muƙamai ke haifarwa.

Rijiyar burtsatse a Turkana tana da matakai. A yi binciken ƙasa a gano inda ruwa yake, a karɓi izinin hukumar albarkatun ruwa da na hukumar muhalli, dukansu na gwamnatin ƙasa ne. A haƙa, a sa bututu da tsakuwar tacewa. A yi gwajin zuƙo ruwa na awa 24 ba tsayawa, a ga lita nawa take bayarwa a awa da yadda ruwan ke komawa matsayinsa. A kai samfur ɗakin gwaji a auna gishiri da sinadarin fuloraid, wanda bai kamata ya wuce miligiram 1.5 a lita ba, kuma a wannan yanki yakan wuce. Sai bayan wannan a sayi famfon da ya dace da ƙarfin rijiyar, a kafa faifan sola, da tanki a kan ƙarfe, da wurin ɗiban mutane, da kwamin shayar da dabbobi a ɗan nesa don kada kofato ya farfasa bututu.

Abin da ke lalacewa: na ɗaya, a raba aikin shekara biyu, haƙa a kasafin bana, kayan famfo a na baɗi. In aka yi ƙaramin kasafin gyara a tsakiyar shekara aka kwashe kuɗin, rijiya ta zauna a rufe da murfin ƙarfe. Na biyu, a tsallake gwajin awa 24, a sayo famfon da ya fi ƙarfin rijiyar, ya riƙa zuƙar iska in ruwa ya ja baya da rani, ya ƙone. Na'urar da ke kashe famfo idan ruwa ya yi ƙasa ba ta da tsada, amma in ba a rubuta ta a takardar kwangila ba ɗan kwangila ba zai sa ba. Na uku, a tsallake gwajin gishiri. Ko babban tafkin ƙarƙashin ƙasa na Lotikipi da aka yi ta murnar ganowa a 2013, gwajin da ya biyo baya ya nuna gishirinsa ya yi yawa a sha ba tare da tacewa ba.

Na huɗu shi ne ya shafi shugabanci kai tsaye. Masu haƙa rijiya a ƙaramar mazaɓa ɗaya sun kai huɗu ko biyar: gwamnatin gunduma, hukumar ayyukan ruwa ta ƙasa, hukumar yaƙi da fari, ƙungiyoyin agaji, da cocin Katolika na Lodwar wanda ya daɗe yana wannan aiki. In wanda ya haƙa bai miƙa wa gunduma a rubuce ba, rijiyar ba ta cikin rajistar kadarorinta. Ranar da ta lalace, kantoma ya kai rahoto, ma'aikatar ruwa ta ce ba tata ba ce.

Sannan dokar kuɗi ta ce aƙalla kashi 30 na kasafi ya tafi ayyukan raya ƙasa, albashi kada ya wuce kashi 35. Gyaran famfo yana faɗawa cikin kuɗin yau da kullum, inda albashi da alawus da man mota suka riga suka cika. Sabuwar rijiya tana da gurbi a kasafi, gyaran tsohuwa ba shi da shi. Haka ɗakin shan magani: gini aikin raya ƙasa ne, nas albashi ce, sai a gama gini a rufe.

Dakta Zainab:
Injiniya ya taɓo inda nake so in shiga. Duk jerin biyun da Barista ya lissafa an gina su ne a kan cewa mutum yana da ƙauye. Baturkane makiyayi yana da gida da suke kira awi, kuma gidaje kan haɗu su zama ayarin kiwo da ake kira adakar, su tashi tare su sauka tare saboda tsaro. Shawarar inda za a nufa, da rijiyar da za a sha, da yaushe za a buɗe makiyayar da aka ajiye don rani, dattawa ne ke yanke ta a ƙarƙashin itacen da maza ke zama, ana jin ta bakin emuron, wato mai duba wanda maganarsa ke da nauyi a sha'anin ƙaura da faɗa. Ba su da sarautar gado. Turawa ne suka fara naɗa musu cif.

Ga inda abin ke karo da kalandar gunduma. Shirin ayyukan shekara yana zuwa majalisa kafin 1 ga Satumba, takardar da ke ƙayyade wa kowace ma'aikata iyakar kuɗinta kafin 28 ga Fabrairu, cikakken kasafi kafin 30 ga Afrilu, a zartar kafin 30 ga Yuni. Doka ta wajabta jin ra'ayin jama'a a waɗannan matakai. Taron da ya fi tasiri shi ne na wajen Janairu da Fabrairu, kuma wannan ne tsakiyar rani a Turkana. Masu dabbobi suna can gindin duwatsun kan iyaka, wasu sun tsallaka Karamoja ta Uganda wajen dam ɗin Kobebe. Waɗanda ke halartar taro a hedikwatar mazaɓa su ne masu shaguna da malaman makaranta da waɗanda fari ya raba da dabbobinsu suka zauna a gari. Buƙatunsu halas ne, amma jerin da ke fitowa na mazauna gari ne: rumfar kasuwa, aji, katanga. Allurar dabbobi a kan hanyar ƙaura da ruwa a makiyayar rani ba su da mai ɗaga musu hannu.

Gyaran ba wuya gare shi ba. Kantoman ƙauye ya bi adakar inda ta sauka ya yi zaman a can, a kuma tabbatar cikin dattawa uku zuwa biyar ɗin nan akwai waɗanda ke tafiya da dabbobi. Ana buƙatar mota da mai da kwana biyu ko uku a daji, kuma wannan ma kuɗin yau da kullum ne.

Alhaji Mamman:
Ni dai a ganina asalin cutar shi ne riƙe jeri biyu. Albashi biyu, ofis biyu, mota biyu, a kan talaka ɗaya. Gwamna jama'a suka zaɓe shi, amma kwamitin tsaro na gunduma kwamishina ne ke shugabantarsa. A ƙasar da satar dabbobi ta fi komai damun mutane, wanda aka zaɓa ba shi da iko a kan ɗan sanda ko ɗaya. Dokar 'yan sanda ta 2011 ta tanadi hukumar sa ido kan aikin 'yan sanda a kowace gunduma, gwamna ne shugabanta, amma a mafi yawan gundumomi ba ta taɓa tsayawa da ƙafarta ba. A mayar da cif ƙarƙashin gwamna, a haɗe shi da kantoman ƙauye, a huta.

Barista Nura:
Ranka ya daɗe, a kan ɓarnar kuɗi ina tare da kai, a kan tsaro ban yarda ba. Duba maƙwabtan Turkana ta kudu: Pokot ta Yamma da Baringo da Samburu. Kusan kowace gunduma a nan ƙabila ɗaya ce ta rinjaye ta, kuma faɗan tsakanin ƙabilun ne. Garin Kapedo ya isa misali. Sunansa yana cikin ƙaramar mazaɓar Kapedo/Napeitom ta Turkana ta Gabas, amma 'yan siyasar ƙabilar Pokot na Baringo suna cewa nasu ne. A 2014 an kashe 'yan sanda 21 a kusa da wurin. Ka ba gwamnan kowane ɓangare iko a kan masu bindiga, ranar da aka kore dabbobi kowa nasa zai tura. 'Yan sandan sa-kai da ake ɗauka daga cikin makiyaya a ba su bindiga, ko yanzu da suke ƙarƙashin rundunar ƙasa, an sha karɓe makamansu a sake tantance su saboda zargin shiga faɗan.

Kuma iyakar gunduma ba ta gyaruwa da sauƙi. An ɗauko ta ne daga dokar gundumomin mulki ta 1992, sauya ta sai majalisa ta kafa hukuma ta musamman, sannan kashi biyu cikin uku na majalisar ƙasa da kashi biyu cikin uku na wakilan gundumomi a majalisar dattawa su amince. Muddin iyaka tana cikin gardama, wanda ba ɗan kowane ɓangare ba ya fi dacewa da riƙe tsaro.

Alhaji Mamman:
Na ji, Barista, amma kwamishinan da ake sauyawa duk bayan ɗan lokaci bai san dattawan ba. Sulhun Lokiriama na 1973 tsakanin Turkana da ƙabilar Matheniko ta Uganda dattawa ne suka ƙulla shi, suka binne makamai, har yau ana bikin tunawa da shi. Gunduma ce ke ɗaukar nauyin irin waɗannan tarukan sulhu, ita ke biyan mota da abinci, amma in aka zo zartar da abin da aka amince, kamar maido da dabbobin da aka sace, sai an jira cif da 'yan sanda. Aƙalla a ba gwamna kujera ta doka a kwamitin tsaro.

Dakta Zainab:
Alhaji, akwai wurin da aka gwada zama tare kuma yana aiki gwargwado: kwamitin fari na gunduma. Gwamna da kwamishina ke jagorantarsa tare, hukumar yaƙi da fari ta ƙasa ke riƙe da sakatariya, ƙungiyoyin agaji suna ciki. Duk wata ana fitar da rahoton halin ruwa da kiwo da farashin akuya da awon damtsen yara don gano tamowa, a ce an shiga wane mataki na fari. Shi ke hana motar ruwa uku zuwa ƙauye ɗaya alhali na kusa bai samu ba. Irin wannan zama za a iya yi wa tsaro ba tare da an miƙa wa gwamna bindiga ba.

Malam Habibu:
Ba mu taɓa majalisar gunduma ba. Mazaɓu 30 ne, amma kujeru sun fi haka.

Hajiya Rakiya:
Saboda ƙa'idar cewa jinsi ɗaya kada ya wuce kashi biyu cikin uku. Bayan zaɓe, hukumar zaɓe tana ɗauko mutum huɗu daga jerin sunayen jam'iyyu don matasa da naƙasassu da marasa rinjaye, sannan ta ƙaro mata har lissafi ya cika. Misali, a ce duka 30 maza suka ci, huɗun nan biyu maza biyu mata. Maza 32 ke nan, ana buƙatar mata 16, akwai 2, sai a ƙaro 14, majalisa ta zama 48, ban da kakaki wanda ake zaɓowa daga waje. Kowace jam'iyya tana samun kujerun ƙari gwargwadon mazaɓun da ta ci. Duk macen da ta ci zaɓe da kanta tana rage yawan kujerun da za a ƙaro, da albashinsu.

Matsalar da ta fi wannan ita ce ɗan majalisa da aikin mazaɓa. Doka ta hana shi shiga aikin zartarwa kai tsaye ko a kaikaice. Amma mai jefa ƙuri'a ba ya tambayarsa dokoki nawa ya yi, rijiya yake tambaya. Sai 'yan majalisa su riƙe kasafi har gwamna ya ware wa kowace mazaɓa kaso daidai da na sauran. Sakamakon shi ne kuɗin da zai ja bututu mai tsawo ya shayar da mazaɓu uku an yayyanka shi ƙananan ayyuka talatin, kuma wanda ya kamata ya binciki aikin shi ne ya zaɓi wurin, wani lokaci har da ɗan kwangilar.

Barista Nura:
Abin da ke ba su wannan ƙarfi shi ne tsige gwamna. Kashi ɗaya cikin uku su sa hannu a kawo ƙudiri, kashi biyu cikin uku su amince, magana ta tafi majalisar dattawa, ko dai a zauren gaba ɗaya ko kwamitin mutum 11, sannan a kaɗa ƙuri'a gunduma-gunduma. Haka aka cire Ferdinand Waititu na Kiambu a Janairun 2020, da Mike Sonko na Nairobi a Disambar 2020, da Kawira Mwangaza ta Meru a Agustan 2024. In an cire gwamna mataimaki ke ƙarasa wa'adin, wannan ya sa gwamnoni da yawa ba sa ba mataimakansu wani aiki na a zo a gani, kuma tsarin mulki bai tilasta musu ba.

Injiniya Bashir:
Saura maganar fili da man fetur. An gano ɗanyen mai a rijiyar Ngamia kusa da Lokichar a 2012. Dokar man fetur ta 2019 ta raba ribar gwamnati: kashi 75 na gwamnatin ƙasa, 20 na gunduma, 5 na al'ummar wurin. Rigimar tana kan kashi 5 ɗin: su wane ne al'ummar wurin? Mazauna yankin da rijiyar take, ko har da adakar da ke sauka a can wata uku a shekara? Haka ƙasar kanta. Dokar filayen al'umma ta 2016 ta ce duk filin da ba a yi wa rajista ba gunduma ce ke riƙe da shi amana, ba ta da ikon sayarwa, kuma diyyar da aka biya a kansa tana ajiye ta har al'ummar ta yi rajista. Rajistar kuwa sai an tara sunayen baligan al'ummar, an zaɓi kwamitin mutum 7 zuwa 15, an shata iyaka. In aka bi iyakar ƙaramar mazaɓa wajen shatawa, an datse hanyar kiwo, domin makiyayar damina tana wannan mazaɓa, ta rani tana waccan.

Usman Ɗanladi:
Kakuma fa? Sansanin 'yan gudun hijira yana cikin Turkana ta Yamma. A ƙarƙashin wa yake?

Hajiya Rakiya:
Sha'anin 'yan gudun hijira na gwamnatin ƙasa ne, tare da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya. An buɗe sansanin a 1992, aka ƙara matsugunin Kalobeyei daga baya, mutanen da ke ciki sun haura 250,000, wato sun fi rubu'in adadin da ƙidaya ta ba gundumar duka. Ba sa zaɓe, ba su da ɗan majalisa, amma ruwan ƙasa ɗaya ake zuƙa, itacen girki daga dajin makiyaya yake fitowa, kasuwa ɗaya ake ci, kuma 'yan kasuwar cikin sansanin gunduma ce ke ba su lasisi ta karɓi kuɗi. A 2023 gundumar ta ba Kakuma matsayin birni mai hukumar gudanarwa ta kansa. Hukumar tana da mambobi da manaja, amma ba ta da kaso kai tsaye daga Nairobi: abin da majalisar gunduma ta ware mata da abin da masu ba da tallafi suka kawo, da shi za ta kwashe shara ta gyara magudanan ruwa. Kuma majalisar da za ta ware kuɗin, mazaɓun Kakuma da Kalobeyei kujera biyu kacal suke da ita a cikin 30.